Ina son in zama jagorar okestira: ta ina mace baƙar fata za ta fara daga Accra?

Mai Turampet, Maamobi:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama sakandare bana, ina busa turampet a ban ɗin makaranta, wato ƙungiyar makaɗanta, ina karanta solfa (rubutun kiɗa na do-re-mi) sosai, rubutun layi biyar kuwa sai da ƙirge. Abin da nake so in zama shi ne mai tsayawa gaban okestira da sanda tana jagorantar makaɗa, wadda Turawa ke ce wa kwandakta. A gida in na faɗi sunan sai a fashe da dariya, wai met ɗin trotro, wato kwandastan motar haya, zan zama. Tambayata: akwai mata baƙaƙe da suka yi wannan aiki har suka ci abinci da shi? Me ake karantawa, kuma wanne ke gaba da wanne? Ana iya farawa daga nan Ghana, ko dole sai an fita? Don Allah wanda ya san harkar ya yi mini bayani dalla-dalla.

Malam Solfa, Nima:

Wa alaikumus salam 'yata. Sandar da ke ba ki sha'awa ita ce abu mafi arha a sana'ar, tsinke ne mai tsawon inci 12 zuwa 16, ko sauti ɗaya ba ya fitarwa. Aikin yana cikin kunne da kundi. Kundi shi ne babban littafin da aka jera layin kowane makaɗi, ɗaya bisa ɗaya, a shafi guda. Mai bayolin layinsa kaɗai yake gani. Ke kuwa za ki ga layi goma sha biyu, wani lokaci sama da ashirin, ki karance su tare, ki ji su a kanki tun kafin kowa ya taɓa kayan kiɗansa. Jerin kusan kullum ɗaya ne: a sama masu busa na itace, wato sarewa, obo, kilarinet da basun; ƙarƙashinsu na tagulla, hon, turampet, turambon da tuba; sai ganguna; sai dangin goge a can ƙasa, bayolin na ɗaya, bayolin na biyu, biyola, celo da babban bes.

Kada ki yar da solfa, yana gyara kunne, amma kundin okestira da layi biyar ake rubuta shi, don haka ƙirgen nan ya ƙare a wannan shekarar. Makulli huɗu, wato alamar farkon layi da ke nuna sunan kowane sauti, za ki iya karantawa kamar ruwa: na G, na F, da na C iri biyu. Na C da ke zaune a layi na uku shi ne na biyola. Wanda ke layi na huɗu shi ne wanda celo da basun da turambon ke komawa idan sun hau sama. Sabbin shiga da yawa a layin biyola suke tuntuɓe, su yi ta tsallake shi, sai ranar atisaye mai biyola ya yi tambaya a rasa amsa.

Sai kayan da abin da aka rubuta musu daban, abin da ke fita daban. Wannan kin riga kin ɗanɗana shi, domin turampet ɗinki idan kin ga C kin busa, B-flat ne ke fita. Kilarinet na B-flat haka yake. Kilarinet na A kuwa idan ya ga C, A ke fita. Hon na F idan ya ga C, F ɗin da ke ƙasa ke fita, tazarar taki biyar. Idan kika tsayar da makaɗa kika ce wa mai hon "C ɗinka ya yi ƙasa", dole ki san C ɗin takardarsa kike nufi ko C ɗin da kunne ya ji. In kika rikita wannan sau biyu, sun gama auna ki.

Ki fara fiyano yanzu, ko da kibod ne mai arha. Ba a neman ki zama gwanar dandali, abin da ake so shi ne ki iya ɗora kundi a gabanki ki tattara layukan cikin hannu biyu. Jarrabawar ABRSM, ta hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, ana yin ta a Ghana. Ki nufi mataki na 5 na ƙa'idar kiɗa tukuna, shi ne ƙofar matakan sama. Jami'a kuwa akwai sashen kiɗa a Legon, da Winneba, da Cape Coast. Abin da za ki matsa a kai a can shi ne haɗa amo, tarihin kiɗa, da rarraba kiɗa ga kayan okestira.

Kundin farko ki ɗauki simfoni (dogon kiɗan okestira) ɗaya ta marubucin kiɗa Haydn, kayan kiɗanta kaɗan ne, kuma kyauta take a shafin intanet na IMSLP. Ki sa wa kowace gaɓa lamba, wato kowane yanki na bugu da ke tsakanin layuka biyu na tsaye. Ki raba gaɓoɓin zuwa jimloli, yawanci huɗu-huɗu ko takwas-takwas, ki yi wa inda lissafin ya karye alama, domin nan marubucin ya ɓoye dabararsa. Ki rera kowane layi da baki, sannan ki rera ɗaya kina kaɗa wani a fiyano. Sai kin gama wannan za ki kunna faifai. Wanda ya fara da faifai, saurin wani da numfashin wani yake haddacewa, kuma hannunsa zai saba bin sauti a baya, alhali jagora gaba da sauti take tafiya.

Anti Asawase:

Ƙanwata, amsar tambayarki ta farko ita ce akwai, kuma ba sai kin haye teku za ki fara nemansu ba. Okestirar ƙasa ta Ghana, wadda aka kafa a 1959 zamanin Nkrumah a hannun Philip Gbeho, mai kiɗan taken ƙasa, mace ta taɓa shugabantar ta, Dinah Reindorf, wadda kuma aka sani da ƙungiyar mawaƙanta ta Dwenesie. Ki faɗa wa masu dariyar met ɗin trotro wannan.

A Ingila akwai Avril Coleridge-Taylor, wadda kakanta ɗan Saliyo ne. Ta jagoranci makaɗa a Royal Albert Hall tun 1933. A Amurka akwai Margaret Harris, mutuniyar Chicago, wadda ta fara da fiyano tun tana ƙarama, ta yi jagorancin kiɗan wasannin Broadway, ta zama baƙar mace ta farko da ta tsaya gaban okestirar Chicago da ta Los Angeles. Kay George Roberts ta samu digirin dakta a jagorancin okestira daga Yale a 1986, ita ce mace ta farko da ta same shi a can. Tania León, haifaffiyar Havana, ta hanyar ƙungiyar rawa ta shigo, Dance Theatre of Harlem, inda ta zama shugabar kiɗa ta farko, daga baya ta ci kyautar Pulitzer a 2021 a matsayin marubuciyar kiɗa.

Wadda nake so ki fi nazarin tafiyarta ita ce Jeri Lynne Johnson. A 2005 ta ci tallafin Taki Concordia, wanda jagorar okestira 'yar Amurka Marin Alsop ta kafa a 2002 don mata masu wannan aiki. Duk da haka ta sha ba da labarin yadda ta kai zagayen ƙarshe na neman shugabancin wata okestira, aka yaba aikinta, sannan aka gaya mata cewa kamanninta ba su ne masu kallo ke tsammanin gani a kan dandali ba. Abin da ta yi shi ne kafa tata, Black Pearl Chamber Orchestra, a Philadelphia a 2008. Ofentse Pitse ta Afirka ta Kudu, wadda zanen gine-gine ta karanta, ita ma tata ta kafa, Anchored Sound, kuma da mawaƙa ta fara kafin kayan kiɗa su biyo. Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta Ibo ne, babban bes take kaɗawa, amma okestirar da ta kafa a Landan a 2015, Chineke!, ta zama dandalin da jagorori baƙaƙe ke samun tsayawa.

Dalilin da ya sa kafa ƙungiya ke ta maimaituwa a tarihinsu shi ne wannan: mai turampet za ta shiga ɗaki ta yi atisayen awa huɗu ita kaɗai, jagora kuwa kayan kiɗanta mutane ne, kuma mutum sittin ba sa taruwa kyauta. Ba a ba ki dandali sai an ga bidiyonki, ba ki samun bidiyo sai an ba ki dandali. Kowace mace baƙa da ta yi nisa, ta wani gefe ta fasa wannan zoben.

Tsanin aikin a waje haka yake. Bayan digiri na farko sai digiri na biyu a jagoranci, yawanci shekara biyu, kuma ɗalibai ƙalilan ake ɗauka a shekara domin mintunan tsayawa gaban makaɗa ake rabawa. Daga nan mataimakiyar jagora: ki zauna a zaure da kundi kina sauraron ko tagulla sun danne goge, ki kai wa babban jagora rahoto, ki haddace komai don ko zai kwanta rashin lafiya, a bar miki wasannin 'yan makaranta. Sai gayyata ta mako guda-guda a matsayin baƙuwa, sai shugabancin ƙaramar okestira. A Jamus akwai tsohuwar hanya ta gidan opera, inda ake farawa da kaɗa wa mawaƙa fiyano a atisaye, shi ya sa maganar Malam kan fiyano ba ta wasa ba ce. Saman tsanin kuma ƙunci gare shi ko ga farar mace: Alsop ta karɓi okestirar Baltimore a 2007 a matsayin mace ta farko da ta shugabanci babbar okestirar Amurka, ta biyu, Nathalie Stutzmann a Atlanta, sai 2022.

Gasa biyu ki sa wa ido. La Maestra a Paris ta mata ce zalla, an fara ta a 2020, ana yin ta duk shekara biyu, kuma ba ta da iyakar shekaru; a karon farko Glass Marcano, baƙar yarinya daga Venezuela da ta taso a tsarin El Sistema na koyar da yara kiɗan okestira, ta ci kyautar makaɗa, daga nan ƙofar Faransa ta buɗe mata. Ta Besançon, ita ma a Faransa, tun 1951 ake yin ta, iyakar shekaru 35. Duka ki lissafa kuɗin fom da biza da tikiti tun da wuri, nan ne 'yan Afirka suka fi maƙalewa.

Baba Mai Goge, Sabon Zango:

Malam ya yi gaskiya a kan kunne, amma ban yarda a ajiye hannu sai an gama littafi ba. 'Yata, hannu tsoka ce, shekaru take ɗauka, ki fara gobe. Bugu huɗu: ƙasa, ciki, waje, sama. Bugu uku: ƙasa, waje, sama. Bugu biyu: ƙasa, sama. Kowane bugu ya kasance yana da wurin saukarsa, kamar kina taɓa tebur a daidai cibiya, kada na ɗaya ya sauka a ƙugu na uku a ƙirji. Ki kunna metronom, na'urar da ke buga lokaci, a 60, wato bugu ɗaya a daƙiƙa, ki yi minti biyar, ki koma 96, ki koma 144. Ki riƙa kashe sautinsa kina ci gaba, ki sake kunnawa bayan gaɓa takwas ki ga ko kin gudu. Yawancin mutane gudu suke yi idan kiɗa ya yi ƙarfi, su ja baya idan ya yi laushi.

Bugun da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda babu sauti a cikinsa, na ɗaga hannu kafin a fara. Shi ke gaya wa makaɗa sauri da ƙarfi da irin numfashin da za su ja. Idan kika ɗaga a hankali kika sauke da sauri, za su shigo a warwatse, kuma laifin naki ne. Ki ja numfashi tare da su, ke mai busa ce, kin san wannan. Shi ya sa ake gwada ɗalibai da farkon simfoni ta biyar ta Beethoven: gaɓar farko da hutun rabin bugu take farawa, sai sauti uku gajeru, sai dogo da ake riƙewa. Sai kin ba da bugu a kan hutun nan da kaifi sannan ukun za su fito tare, kuma sakin dogon shi ne shirin shiga ta biyu.

Hannun hagu kada ya zama madubin dama. Aikinsa shigar da mutane, ƙara ƙarfi ko ragewa, da yanke sauti. In ba shi da aiki ki ajiye shi a ciki. Kuma ido ke shigar da makaɗi kafin hannu: mai obo da ya ƙirga gaɓa 40 yana jira, ki dube shi gaɓa ɗaya kafin lokacinsa.

Na baya kullum za ki ji kamar sun makara, ga dalili. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Mai ganga da ke mita 17 daga gaba, idan kunnensa ya bi, sautin bayolin zai ci kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa kafin ya iso masa, nasa ya ci wani kashin kafin ya dawo. Mai hon ya fi wahala domin bakin ƙahonsa baya yake kallo. Maganin shi ne su bi sanda, ke kuma kada ki jira su, in kika jira kiɗan zai yi ta nauyi har ya zauna.

Ƙungiyar da Anti ta ce ki kafa ba sai babba ba. Bayolin na ɗaya uku, na biyu uku, biyola biyu, celo biyu, bes ɗaya, mutum 11 ke nan, sun isa Mozart da ƙananan ayyukan goge na Samuel Coleridge-Taylor, mahaifin Avril. Biyola da bes ne za su ba ki wuya a Accra, ki fara neman su kafin ki sa rana. Kafin atisaye ki zauna da shugaban masu bayolin ku rubuta inda bakan goge zai sauka da inda zai hau a kowace takarda, lambobin gaɓa su zama ɗaya da na kundinki. In ba haka ba rabin awa zai tafi a "daga ina za mu ɗauko?" Atisaye awa biyu da rabi da hutun minti 15 a tsakiya ya isa. Ki bar su su kaɗa har ƙarshe sau ɗaya tukuna, kura-kurai da yawa da kansu suke gyaruwa a karo na biyu. Idan kin tsayar, ki faɗi lambar gaɓa, da wa kike, me kike so, ki ɗaga hannu. Makaɗa sun tsani lacca.

Yanayinmu ma abokin gaba ne. Obo ke ba da sautin A, kowa ya daidaita kayansa da shi, amma zaure na yin zafi kayan busa su hau sama, tsirkiya ta saki ta yi ƙasa, don haka ki sake daidaitawa bayan minti 20 da bayan hutu. Da hunturu itace na bushewa, turakun murɗa tsirkiya su riƙa zamewa, jikin bayolin ya iya tsagewa. Da damina gam ke saki. Tsirkiyar ajiya da ƙaro kada su rabu da jakarki, ko da ba ke ke kaɗawa ba.

Idan kika haɗa da gangunan gida, kamar yadda Nana Danso Abiam ya yi da Pan African Orchestra da ya kafa a 1988, ki sani mai ganga kuge yake bi, dawuro, ba ya kallon sanda. Ki zaunar da mai kugen kusa da ke inda kowa zai gan shi, ku daidaita sauri ke da shi. Kiɗan da aka rubuta shida-bisa-takwas, wato ƙananan bugu shida a gaɓa, ki buga shi biyu, ki bar ukun da ke ratsa shi ya yi tafiyarsa. In kika bi ukun da hannu, kin kayar da kowa.

Mai Turampet, Maamobi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura uku. Anti, yawancin ƙungiyoyin mawaƙa a nan na coci ne, ni kuma a gida ba za a bar ni ba. Sannan hijabi zai hana? Baba, bidiyon yaya ake ɗaukarsa?

Anti Asawase:

Gaskiya ne coci ce ta horar da yawancin masu karanta kiɗa a Ghana, amma akwai wasu ƙofofin. Ban ɗin tsohuwar makarantarki na nan: ki nemi malamin ya bar miki minti 15 na farkon atisaye. Akwai ƙungiyoyin mawaƙa da na makaɗa na jami'a. Akwai ban ɗin 'yan sanda da na soja, waɗanda aiki ne mai albashi, kuma masu busa da yawa a ƙasar nan ta nan suka fito. Okestirar ƙasa tana National Theatre. Ki rubuta takarda ki nemi izinin zama a atisaye da kundinki, ki zauna a bayan makaɗa inda za ki ga fuskar jagora.

Hijabi ba ya hanawa, ɗinkin ne abin dubawa. Makaɗa kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu suke karantawa, dogon hijabi mai saukowa har gwiwa yana ɓoye su duka, faffaɗan hannun riga kuma yana kaɗawa bayan bugu ya wuce, na baya su ga bugu biyu. Baƙar riga mai dogon hannu da ya kama a wuyan hannu, ɗankwali ko ƙaramin hijabi da aka cusa cikin wuyan riga, yadi mara kauri a kan kunne don kada ya rage miki jin sautin sama. Ban da awarwaro, ban da takalmi mai tsini, awa biyu za ki yi a tsaye.

Baba Mai Goge, Sabon Zango:

Kyamara a bayan makaɗa take zama tana kallon fuskarki, daga ƙugu zuwa sama, hannu biyu a ciki ko kin buɗe su gaba ɗaya. Wanda aka ɗauka daga kujerun masu kallo bayanki kawai yake nunawa, alƙalai ba sa karɓa. Waya ta isa in an kafa ta a kan abin da ba ya motsi, amma kada ta zauna kusa da turampet ko ganga, su kaɗai za a ji. Ki ɗauki kiɗa biyu masu bambanci, mai sauri da mai nauyi, kowanne ba yanka a tsakiya, da wani yanki na atisaye inda za a ji kin tsayar, kin gyara, an sake, kuma gyaran ya fito a kunne. Tsawon da tsarin kowace makaranta da gasa da nata sharaɗin, ki karanta na shekarar da za ki nema. Idan mutum 11 sun gagara a farko, masu fiyano biyu su raba kundin tsakaninsu, haka ake yi a azuzuwan jagoranci na Turai ma. Ki roƙe su abu ɗaya: su kaɗa abin da hannunki ya nuna daidai, ko da kuskure ne, kada su rufa miki asiri.